Makonni biyar da aka ce ba su shiga lissafi ba

Ranar da aka raba mana littafin rubuta aiki, wanda mu ɗalibai muke kira logbuk, ko buɗe shi ban yi ba. Na cusa shi a jaka tare da takardar neman gurbi, na kama hanyar gida. Muna aji uku a lokacin, a sashen kiwon lafiyar al'umma na wata jami'a, kuma yajin aikin malamai na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai tsakiyar Oktoba, ya riga ya cinye mana wata takwas. Kowa ka taɓa, abu ɗaya ne a ransa: a gama a fita.

Ga wanda bai bi ta wannan hanya ba, abin da ake kira SIWES shiri ne na tura ɗalibi wurin aiki na gaske kafin ya kammala karatu. Hukumar ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971, ita ta fito da shi a 1973, saboda masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kukan cewa ana yaye yara da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. A sashenmu mako 24 ake yi, kuma yunit shida ne. Yawancin kwasa-kwasanmu yunit biyu ne ko uku, don haka wannan abu ɗaya ya kai nauyin darasi biyu zuwa uku a haɗe. Wanda ya samu 70 zuwa sama ya ci A, maki biyar sau shida, talatin ke nan sun shiga lissafinsa a tashi ɗaya. Wanda ya faɗi kuwa, ba jarrabawa ce da za a sake zama a rubuta cikin awa biyu ba, wata shida zai sake nema daga rayuwarsa. Ni da sakamakona yake reto a bakin matakin da nake so in fita da shi, yunit shidan nan su ne komai a wurina.

Ba ni na zaɓi wannan fanni da farko ba. Likita na so zama, makin JAMB bai kai ba. Amma da na shiga sai na tarar fannin ya daɗe a cikin gidanmu ban sani ba. Ƙanena mai bi mini an haife shi a 2003, shekarar da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar da kowa ya sani, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. Abbanmu yana cikin waɗanda suka hana a ɗiga wa 'ya'yansu, kuma ko da aka dawo da shi bai sauko da wuri ba. Ƙanena yana jan ƙafarsa ta hagu har yau. Ba a zancen a gidanmu. Abba tela ne, mutum ne mai ƙarancin magana, kuma shi ya ɗinka wa ƙanena duk wandon da ya taɓa sawa, yana rage tsawon ƙafa ɗaya ba tare da ya auna ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 da aka sanar a rediyo cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, muna zaune a tsakar gida, sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Gurbin farko kawuna ne ya samo mini, a wani ofis a tsakiyar birni mai alaƙa da harkar lafiya. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai kujeru masu juyawa, ƙawayena suna ta yi mini barka. Na fara a farkon Mayu 2023. Mako uku na yi ina ɗaukar takardu zuwa wurin kwafi, ina jera fayil, wani lokaci a aike ni sayo abinci. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kawai ba su da abin da za su ba ni in yi. Kowace Juma'a ogan sashen yakan sa hannu a littafina ba tare da ya karanta ba. Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, na ga Abba yana ƙirga mini kuɗin mota daga abin da ya samu jiya, don in je in zauna ina kallon bango.

Wata ƙawar Umma ce ta yi mini maganar wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bayan gari, ɓangarenmu, inda ake neman ko da mai rubuta sunaye ne ranar rigakafi. Na je na ga shugabar wurin, wadda kowa yake kira Hajiya. Jami'ar lafiyar al'umma ce da ta fi shekara ashirin a bakin aiki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, nan ba wurin kwalliya ba ne. Ƙarfe bakwai da rabi nake buɗe firij." Na ce na yarda. Washegari na fara. Na yi wa mutanen ofis sallama ta baki, suka ce Allah ya taimaka. Ban rubuta wa makaranta ko layi ɗaya ba. A tunanina, tunda na bar zaman banza na koma inda ake aiki, ai yabo ma ya kamata a yi mini.

Juma'ar farko na kai wa Hajiya littafina. Na rubuta a gurbin Talata: na taya aikin rigakafi. Ta ɗora tabarau ta karanta, ta miƙo mini abina ba ta sa hannu ba.

"Yara nawa?" ta ce.

Na ce da yawa.

"Da yawa ba lamba ba ce. Wace allura? Nawa ne suka zo karɓar ta farko, nawa ta uku? Da muka buɗe firij da safe digiri nawa kika gani? Kwalba nawa muka fasa, nawa muka zubar? In wani ya ɗauki littafin nan bayan ni da ke mun mutu, me zai sani game da ranar Talata?"

Na koma benci na sake rubutawa, ina duba rajista. Sau uku ta dawo mini da shi kafin ta ɗauki biro. Raina ya ɓaci a ranar, ba zan ɓoye ba, don ina ganin ƙawayena suna cika shafin mako guda cikin minti biyar.

A hannunta na ga abin da muka haddace a aji ya zama abu mai nauyi da ake ɗauka da hannu. Firijin sola ne, kuma dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ana dubawa safe da yamma ana rubutawa a takardar da ke manne a jikinsa, har ranar Sallah. A jikin kowace kwalba akwai ɗan da'ira da murabba'i a ciki; in murabba'in ya yi duhu ya kamo launin da'irar, zafi ya lalata maganin, sai zubarwa. Jariri yana karɓar BCG, wato allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta da zarar an haife shi, sai mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, sannan ta ƙyanda da ta shawara a wata tara. Na san duk wannan a takarda, na ci shi a jarrabawa. Abin da ban sani ba shi ne kwalbar ƙyanda ko ta BCG, da zarar an haɗa ta da ruwanta, awa shida kawai take da shi, kuma ta yara da yawa ce. Saboda haka ma'aikaci yakan tsaya yana lissafi: in fasa kwalba don yaro biyu in zubar da saura, ko in ce wa uwar ta dawo? Hajiya fasawa take yi. Takan ce matar da ta samu izinin fita yau, ba ki da tabbacin za ta sake samu.

A mako na huɗu a wurin na yi kuskuren da har yanzu nake jin sa a ƙirjina. Za mu fita wata unguwa mai nisa, aka ce in shirya akwatin sanyi. Na ciro ƙanƙarar roba daga firiza tana ƙam, na jera, na ɗora kwalaben Penta, allurar da ke kare yara daga cututtuka biyar, a jikinta kai tsaye. Ni a ganina sanyi ake nema, to ga sanyi. Ba a bar ƙanƙarar ta ɗan saki ba har a ji ruwa yana motsi a ciki, kamar yadda ake yi. Penta kuwa daskarewa tana kashe ta, kamar yadda zafi yake kashe wasu. Da muka isa Hajiya ta buɗe, ta taɓa, ta yi shiru. Ta ware kwalaben gefe, ta tura mai babur ya koma ya ɗauko wasu, mata suna zaune a rana suna jira da jarirai. Ba ta yi mini faɗa a gaban kowa ba. Da muka dawo ta ce, "Ɗauko littafinki. Rubuta abin da kika yi, da abin da ya jawo, da yadda ake yi daidai." Na ce Mama, wannan littafin fa makaranta zai je, da shi za a ba ni maki. Ta ce, "Na sani. Rubuta." Na rubuta hannuna yana rawa, ta sa hannu, ta buga hatimi a kai.

Bayan Babbar Sallah da kamar mako biyu, wakilin ajinmu ya kira ni ya ce malamin da ke kula da SIWES a sashenmu yana nemana da gaggawa. Ashe malamin da aka tura duba ɗalibai ya je ofishin farko, ya tambaye ni, aka ce masa ai ta daɗe da daina zuwa. Ya rubuta abin da ya gani: ba ta nan.

Na shiga ofishin Malam da ƙarfin gwiwa, na ajiye littafina a gabansa, ina jiran ya ga shafukan da suka cika. Ya buɗe, ya karanta a hankali, ya rufe. Ya ce, "Aiki kin yi, ban musa ba. Amma a takardar da ke gabana, ke kina ofishin da muka tura ki, kuma ba kya zuwa. Wannan asibitin ba mu san shi ba. Ba mu da takardar da suka ce sun karɓe ki, ba mu san wace ce take kula da ke ba, ba mu san ko ta cancanta ba. Hatimin da ke makonni biyar ɗin nan, a wurinmu hatimin baƙo ne."

Na ce Malam, amma ai can ba abin da nake koyo.

Ya ce, "Da kin zo kin faɗa, da na sauya miki a rana ɗaya. Jami'a ba ta ba da yunit don mutum ya yi aikin kirki. Tana bayarwa ne don aikin da ta amince da shi tun kafin a fara, a ƙarƙashin wanda ta sani, wanda za ta iya zuwa ta gani da idonta. In na karɓi naki, gobe wani zai kawo mini hatimin shagon kawunsa."

Na fito ina kuka. Makonni biyar mafiya amfani a karatuna gaba ɗaya, su ne aka ce ba su shiga lissafi ba, makonni ukun da na yi ina kwafin takarda kuwa suna nan daram.

A daren wata ƙawata ta kawo shawara, kuma don Allah ta kawo ta, tana ganin taimakona take yi. Ta ce a samo sabon littafi, in koma ofishin farko ta hannun kawu, oga ya sa hannu a duka makonnin, a ce ranar da malami ya zo an aike ni ne wanda ya ba da amsa bai sani ba. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, akwai waɗanda ko ƙofar wurin aikinsu ba su sani ba, suna kasuwa ko suna gida, ƙarshen wata su kai littafi a buga musu. Na san gaskiya ta faɗa. Kuma sabon littafi yana nufin shafin kwalaben Penta ya ɓace. Kwana biyu ina juya maganar. Ban yi barcin kirki ba.

Umma ce ta lura. Da na gaya mata, ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta ce, "Wato za ki goge inda kika yi aiki, ki rubuta inda ba ki yi ba? To matar nan da ta riƙe ki kamar 'yarta, da wane ido za ki kalle ta?" Abba yana kan keke yana ɗinki, ban zaci yana ji ba. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Sati nawa za su ƙara miki?" Na ce biyar, in sun yarda. Ya ce, "Kuɗin motar sati biyar ba zai gagare ni ba."

Na koma wurin Malam na ce a gaya mini abin da zan yi. Ya lissafa mini, na rubuta a bayan hannuna don ban zo da takarda ba. Takardar neman sauya wuri daga gare ni, da dalili. Takardar sallama daga ofishin farko. Takardar karɓa daga asibitin, mai ɗauke da sunan mai kula da ni da matsayinta da lambarta, kuma sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya amince don su ne iyayen gidan asibitin. Sannan a kai wa ofishin SIWES na jami'a su gyara sunana a jerin da suke aikawa, a sake cika takardar fara aiki ta ITF da sabon wuri. Makonni biyar kuma zan biya su a ƙarshe, lokacin da 'yan ajinmu suke hutu. Kwana tara na yi ina zarya da takardun nan a cikin damina. A yau in ƙanwar wani ta tambaye ni, abin da nake fara gaya mata ke nan: kada ki taka ƙofar wurin aiki sai takardar amincewa tana hannunki, kuma ki yi kwafin komai ki ajiye a gida. Na daina ganin Malam a matsayin mai tsanani. Abin da Hajiya take nema a shafin Talata, shi yake nema a fayil ɗina.

Daga nan aiki ya yi yawa har na daina tunanin maki. Damina ta kankama, aka shiga rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bi gida-gida ana ba 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar sau ɗaya a wata. Na koyi ɗaura ma'aunin damtse, in ga ja, ƙasa da santimita 11.5, in san tamowa ta yi tsanani tun kafin a ɗora yaro a sikeli. Na koyi cika rahoton wata da ake kaiwa ƙaramar hukuma a shigar a DHIS2, manhajar da ake tattara bayanan lafiya a ciki.

Sai mashaƙo ya iso mana.

Tun Disamba 2022 ake jin labarinsa a Kano, amma a daminar 2023 ya yi ƙamari, dubban mutane suka kamu a ƙasar, mafi yawansu a jiharmu, kuma akasari yara ne da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Wata safiya a watan Agusta wata mata ta shigo da yaro ɗan kamar shekara shida a kafaɗa. Wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashinsa yana ƙara. Kwana biyar ke nan yana ciwon maƙogwaro. Sun fara kai shi wurin wanzami a kan belu ne, sannan kemis. Hajiya ta sa takunkumi, ta miƙo mini ɗaya, ta haska bakinsa da tocila ta ce in leƙa. Wani abu ne toka-toka ya shimfiɗe a bayan maƙogwaron kamar fata. Ta ce, "Kin gani? Kada ki taɓa yunƙurin kankare shi, jini zai ɓalle." Nan take ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ta sa ni cika takardar sanarwa, aka nemi mota zuwa cibiyar da ake kwantar da masu cutar, inda ake da allurar da ke karya dafinta. Na tambayi uwar katin rigakafinsa. Ta ce an yi masa ta haihuwa da guda ɗaya bayanta, ya kwana yana zazzaɓi yana kuka, babansa ya ce kada a ƙara.

Yaron ya rasu bayan kwana uku. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceton iyayensa ne.

Mun je gidan da jami'in, aka ba waɗanda suka yi cuɗanya da shi magani, aka yi wa yaran gidan da na maƙwabta allura. Na zauna kusa da uwar a kan tabarma, na rasa abin faɗa bayan gaisuwa. Ita ce ta ce, "Da na sani ita ce ta wannan ciwon." Allurar Penta da ake yi sau uku, a mako shida da goma da goma sha huɗu, ɗaya daga cikin cututtuka biyar da take karewa shi ne mashaƙo. Ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata haka, kuma ba wanda ya gaya mata cewa zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura abu ne da aka saba gani, yana wucewa.

Da na koma gida na kasa cin abinci. Na buɗe littafina don in rubuta aikin ranar, sai idona ya faɗa kan lambobin da Hajiya ta tilasta mini rubutawa tun watan Yuni: masu ta farko kaza, masu ta uku kaza, kowace Talata. Na jera su a takarda ɗaya. Kusan kowane mako masu ta uku ba su kai masu ta farko ba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. An koya mana lissafin a aji biyu: a cire masu ta uku daga masu ta farko, a raba da masu ta farko, a ninka da ɗari, in ya haura kashi 10 akwai matsala. Namu ya haura nesa. Washegari na nuna wa Hajiya. Ta ce ta sani, tana gani a rahoton wata, amma su uku ne a asibitin, ga awo, ga haihuwa, ga marasa lafiya, wa zai zauna ya bi rajista layi-layi ya fitar da sunaye? Ta ɗauko rajistar shekara guda ta dire a gabana. "Ga aikin rahotonki nan," in ji ta.

Mako biyu na yi ina fitar da sunan duk yaron da ya fara bai gama ba, da unguwarsa, da sunan mahaifi. Wasu adireshin ba ya wuce "bayan masallaci". Mai unguwa ya ba mu mutum, ga wata tsohuwar ungozoma da ta san cikin kowane gida, ga matan sa kai masu wayar da kai. Muka riƙa bi da yamma bayan an tashi. Na shiga da tunanin zan tarar da masu ƙin rigakafi, na shirya hujjojina. Akwai su, amma kaɗan ne. Yawanci abin bai kai nan ba. Wata ta koma wankan gida ƙauyensu, katin ya ɓata. Wata ta zo sau biyu a wani asibitin aka ce ba ranar ba ce. Wata an daka mata tsawa a gaban mutane don ta makara da mako biyu, ta rantse ba za ta koma ba. Da yawa sun ɗauka in an wuce lokaci shi ke nan, sai dai a haƙura, alhali ci gaba ake yi daga inda aka tsaya. Wasu kuma kuɗin mota ne, irin wanda ya kore ni daga ofishin farko. Inda maigida ne ya hana, ba ni nake magana ba, mai unguwa ne yake samunsa a majalisa bayan la'asar. Duk gidan da muka shiga ina rubuta dalilin da bakin mai shi, ba yadda nake so ya kasance ba.

Akwai wani magidanci da ya tsaya a zaure ya ce ba mai taɓa masa yara. Na ji abin da yake faɗa, kalma bayan kalma irin wadda na san an faɗa a zaurenmu shekara ashirin da suka wuce. Na ce, "Baba, ni ba zan yi musu da kai ba. Ina da ƙane." Na gaya masa labarin wandon da Abba yake ɗinkawa. Bai ce komai ba, muka tafi. Ban san ko maganata ce ko tsoron mashaƙo ba, amma ranar Talata na ga matarsa a layi da yara biyu.

Malamin duba ɗalibai ya zo a watan Satumba, wannan karon inda nake. Ya tarar da ni a ƙasa ina jera katuna. Ya zauna da Hajiya kusan awa guda, ya sa hannu a gurbinsa. 'Yan ajinmu suka gama a tsakiyar Oktoba, ni na ci gaba. Cikin makonnin biyan bashin nan ne aka ƙaddamar da rigakafin cutar dajin bakin mahaifa, ranar 24 ga Oktoba, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kano tana cikin jihohin farko. Na bi tawaga makarantun boko da na Islamiyya ina riƙe da rajista, kuma ni nake shirya akwatin sanyi kowace safiya. Ina ciro ƙanƙarar in jera a tebur, in jira, in girgiza a kunnena sai na ji ruwa.

Ranar kare rahoto ni kaɗai ce a gaban malamai uku, don sauran sun riga sun yi nasu. Na yi bayanin yaran da suka fara ba su gama ba, da dalilan da iyaye suka bayar, da waɗanda suka dawo da waɗanda ba mu same su ba. Wata malama tana ta juya littafina ba ta ko kallon allo. Sai ta tsaya a wani shafi ta ce, "Wannan fa? Wa ya sa ki rubuta?" Na ce mai kula da ni. Ta ce, "Kin san yana cikin makonnin da ba a ƙirga ba? Da kin cire shi ba mai tambayarki." Na ce na sani. Ta ce in yi musu bayanin yadda ake gane kwalbar da ta daskare. Na yi: a ɗauki wata irinta a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza su tare, a ajiye a kalli wadda ta fi saurin kwanciya. Ta rubuta wani abu, ta rufe littafin.

Makin A aka ba ni. Na kai wa Hajiya labari da ɗan turmin atamfa da Umma ta saya, ta ce atamfar ta karɓa, amma rajistar watan nan ma tana jiran mai bi, in ina da lokaci ranar Asabar. Ina zuwa har yanzu in na samu sarari.

Da daddare na nuna wa Abba sakamakon a waya. Ya duba, ya ce Alhamdu lillahi, ya miƙo mini. Na juya zan fita sai ya kira sunana. Ya buɗe aljihun keken ɗinkinsa, inda yake ajiye zare da allurai, ya ciro katuna uku a cikin leda, na 'ya'yan yayata ne. Ashe tun ranar da na ba su labarin yaron nan ya aika aka karɓo. Ya ce, "Duba mini waɗannan. Akwai wanda bai cika ba?"

Na zauna a kan benci kusa da fitila na duba ɗaya bayan ɗaya. Na ƙaramar ne, saura ta uku. Ya ce, "Yaushe ne ranar?" Na ce Talata. Ya ce in gaya wa yayata ta shirya ta da wuri, shi zai kai su.